Makara Ta Yi

Babana, wanda ake kira Mai Faifai, ya tsufa a ɗan shagonsa yana juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifai. Ba abin da ya tsana irin a bidiyo baki ya motsa, murya ta biyo baya. Sai ya yi tsaki, ya nemo inda wani ya tafa hannu, ya yi ta jan sautin har ya hau kan hoton.

"Muryar ba ta ɓata ba," yakan ce. "Makara ta yi."

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu leɓɓansa kan riga maganarsa, kuma 'yan dubiya ba sa iya jira.

Jiya wani tela ya zo, wanda Baba ya taɓa mayar wa muryar marigayiyar uwarsa bakinta. Ya ga leɓɓan Baba na motsi, ya yi wuf ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya zura takalmansa. Kamar in shaƙe shi!

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace maganar ta iso.

"Zauna mana," in ji Baba.