Doña Eulogia, Mai Duba Igiyar Shanya

Kafin hayaƙin girki ya tashi a ƙauyenmu na bakin kogin Napo, Doña Eulogia, ma'aikaciyar lafiyarmu, ta riga ta saɓa jakarta. Ba ta tambayar wa ke ciwo, igiyar shanya take dubawa. Gidan da aka shanya mayafi da sassafe, to wani ya kwana yana karkarwa har ya jiƙa shi da gumi.

Ta san halinmu sarai. Zazzaɓi da ciwon kai su kwana suna jibgar mutum, gari na wayewa jiki ya sake, sai ya ce sanyin ruwa ne, ya ɗauki adda ya nufi gonar rogo. Ita kuwa ba ta yanke hukunci da ka. Na wani maleriya ne, na wani zazzaɓin dengue, wani kuma ruwan sha ne ya jawo masa taifot. Ta soki yatsa, ta shafa jini a gilashi, ta leƙa a na'urarta. Wanda ya fi ƙarfinta ta tura shi asibitin birnin Iquitos.

Ni shaida ce. Ranar da mijina Teófilo zai shiga daji saran katako, inda ba magani sai ganye, ya ja mini kunne kada in faɗa mata yadda ya kwana. Ban faɗa ba, na dai shanya mayafinsa. Muna isa bakin ruwa sai ga ta zaune daram a kwalekwalensa.

"Doña, sauka mana, ana jirana," in ji shi.

"Miƙo yatsa, baban Nelsi."

"Lafiyata ƙalau! Taɓa ki ji, ko zafi babu."

"Ai da safe kowa lafiyayye ne. Ƙato kamarka, ɗan tsinken nan kake gudu?"

Masunta suka bushe da dariya, don kunya ya miƙa. Ta ɗebi jinin, ta yi gaba da filafilin tuƙinsa a hammata don kada ya sulale. Ashe maleriya ce, muguwar nan mai hawa kai. Ta fara masa magani nan take, amma duk da haka la'asar na yi bai san sunana ba. Wallahi na tsorata. Da a dajin nan ta kayar da shi, gawarsa za a kawo mini.

Yanzu idonta ya gaza, za ta ajiye aiki. Doña, uwar masu taurin kai, ke ce kika sha zaginmu kina bin mu da magani. 'Yan matan garin nan, na'urar tana nan, wata ta zo ta koya tun mai ita na iya nunawa.

Doña, gobe za mu yi miki liyafa, Teófilo ne zai gasa kifin. Ga shi can yana mita, wai itacen da na kawo ɗanye ne. Wannan mitar, Doña, ke kika bar mini ita, kuma na gode.