Rubutun Baba da Ya Rage

Mahaifina yana da littattafai huɗu da ya cika da hannunsa, da ajami. Manomi ne a Kebbe, kuma tun yana saurayi yake rubuta abin da bai yarda kansa zai riƙe ba: inda iyakar kowace gonarmu ta tsaya, wa ya haifi wa a danginmu na Fakku, maganin da kakansa yake ba saniya idan ta kumbura. Wata damina rufin ɗakinsa ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littattafan, tawadar ta koɗe. Ko da ba ta koɗe ba, hannun Baba ba mai iya karanta shi sai Baba, don yana taƙaita kalmomi yadda ya ga dama.

Sai idonsa ya fara mutuwa. Likita ya gaya mana gaskiya, ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take ƙarewa.

A lokacin ina zaune a Tambuwal, ina koya wa kaina rubuta manhaja. Na ɗauki hoton kowane shafi, na rubuta wata 'yar manhaja da take tsamo tawadar daga cikin tabon ruwa, ta mayar da ita fara ƙal a kan baƙi, kowane harafi kamar ɗan yatsa. Ba ni na ƙera komai daga tushe ba. Mai wannan sana'a aro yake yi: ya sauko da kayan da wasu suka riga suka rubuta, ya ɗora nasa a kai. Ranar da na fara kai wa Baba kwamfutar, ya kusa manna hancinsa a gilashin.

“Kai, wanga ai hannuna ne,” ya ce. “Ɗauko alƙalami, in karanta maka.”

Haka muka tsara. Kowace Juma'a bayan masallaci in hau mota zuwa Kebbe, mu zauna a zaure, yana karantawa ina rubutawa da boko. Ba ma wuce shafi biyar, idon yake fara ruwa. Mun gama littafi ɗaya, mun ci rabin na biyu.

Wani abokina da ya girme ni a sana'ar ya taɓa ja mini kunne. Ya ce kowane aiki a ware masa ɗakinsa a cikin kwamfuta, kayan aron da yake bukata su zauna a nan su kaɗai, a kuma rubuta lambar zubin kowanne a takarda ɗaya, don masu kayan kan sabunta su, kowane sabon zubi da lambarsa. Layi guda na umarni ne yake gina ɗakin. Na ji, na kuma yi masa dariya. Na ce mu da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya mu shida, yaushe zan sauko da kaya iri ɗaya sau biyu, da wannan sabis ɗin namu da yake zuwa yana komawa? Na zuba komai wuri guda, ina jin kaina mai dabara.

Sai wani mai sayar da taki ya ba ni aiki. Aikinsa yana son sabon zubin ɗaya daga cikin kayan aron nan. Wata Laraba na sabunta, wannan ya ja wancan, wancan ya ja wasu, ina kallo suna sauka har ina murna sabis ya yi kyau. Ban buɗe manhajar Baba na gwada ba.

Ranar Juma'a na zauna a zaure, Baba ya gyara zama, na danna. Jan rubutu mai nuna matsala ya cika fuskar kwamfutar. Na sake dannawa, ya sake fitowa.

“Mi ya faru?” in ji Baba.

“Ba komi, Baba, yanzu za ta tashi.”

“To, ni dai ban ganin komi, sai wani ja-ja.”

Na buɗe masa hotunan yadda suke, na ƙara girmansu, na ƙara haske. Ya ce hazo kawai yake gani. Na fita wajen gari neman sabis, na tsaya a rana da kwamfuta a hannu kamar mai tallan ƙosai, ba abin da ya sauka. Ko da sabis ya zo, me zan sauko da shi? Ban rubuta lambar ko ɗaya ba. Ban san wane zubi nake amfani da shi a da ba.

Mako bakwai na yi ina lalube. In mayar da wannan baya, wancan ya ƙi. Manhajar ta tashi a mako na uku, amma harufan suna fitowa a kakkarye, wasali ya haɗe da tabo. Abokina ya taimaka iyakar iyawarsa, bai ko ce mini ai na gaya maka ba, ni kuwa da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na daina zuwa Kebbe don kunya. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba, domin da na je na zauna kawai na tambaye shi, da ya faɗo mini wani abin daga ka.

Da ta gyaru, na gina mata ɗakinta, na rubuta kowace lamba, na hau mota ba tare da na jira Juma'a ba. Na ajiye kwamfutar a gabansa, shafin ya fito tas, fari a kan baƙi. Baba ya juya fuskarsa wajen da yake jin muryata.

“Ka buɗe?”

“Na buɗe, Baba.”

Ya miƙa hannu ya shafa gilashin, daga dama zuwa hagu, yadda ake bin layi.

“Haske nika gani,” ya ce. “Rufe abinka, kar wutar ta ƙare.”

Ya rayu shekara biyu bayan haka. Na yi ta tambayarsa, wani abin ya tuna, wani abin ya ce yana cikin littafi, ai don kada ya riƙe ne ya rubuta. Na kai wa malamai uku shafukan, kowanne ya karanta kalma biyu ya tsaya.

Yanzu ko aikin yini ɗaya zan yi, sai na ware masa ɗakinsa. Manhajar Baba kuwa ba ta sake tsayawa ba. Wani lokaci nakan buɗe ta, in zauna ina kallon littafi biyu da rabi na hannun mahaifina, kowane harafi a fili, ban san abin da yake gaya mini ba.