Haƙorin da muka hana cirewa

Ni dai tun ina yarinya nake rufe baki da hannu in zan yi dariya. Wanzamin ƙauyenmu, can wajen Tondikandiya, ya cire mini haƙorin nono tun lokacinsa bai yi ba. Da manyan suka tashi fitowa ba su samu wuri ba, ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Haka na girma, haka aka kai ni ɗakin miji a Filinge.

Shi ya sa ranar da ɗiyata, tana shekara biyar, ta daina tauna da gefen dama, hankalina ya tashi. Haƙorin ciki ya yi rami baƙi ƙirin. Uwar mijina ta cusa mata kanumfari, ta ce, "Haƙorin nono ne fa, ba na gado ba. A cire a huta."

Na ce, "Inna, dubi bakina." Ta duba.

Muka hau mota sai Yamai. Lokotoron haƙori, wata mace mai haƙuri, ta ɗauki hoton haƙorin, ta zana mini shi a takarda. Ta ce a ciki akwai jijiya mai rai, kuma hanya biyu ce. In ciwon bai sauka ƙasa ba, za ta yanke jijiyar sama kawai, ta bar ta saiwa da ranta, ta rufe. In kuwa ya sauka, sai ta kwashe duka har saiwa, ta cika da maganin da zai narke tare da saiwar in lokacin faɗuwa ya zo. Ta farkon ta fi sauri, ta biyun ta fi ɗaukar lokaci, amma duk haƙorin yana nan yana tsare wa na bayansa wuri.

Na ce, "To wacce za ki yi?"

Ta ce, "Sai na buɗe, Madam. In jinin ya tsaya da wuri, saiwar lafiya lau take."

Wayyo, ban taɓa addu'a a kan ɗigon jini ba sai ranar! Aka yi wa ɗiyata allura, ta ƙanƙame zanena. Aka buɗe haƙorin, jinin ya tsaya da wuri. Aka yi ta farkon, aka ɗora wa haƙorin hular ƙarfe. A lokol, cikin 'yan ajinsu, har yanga take yi da ita, wai azurfa ce.

Shekaru suka wuce. Bara, ɗiyar tawa tana cin gasasshiyar masara, haƙorin ya faɗo da kansa, da hularsa. Inna ce da kanta ta ce ta jefa shi bisa rufin ɗaki, ta kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, sabon ya ƙi fitowa. Ta jefa. Amma rufe baki? Ina! Tsayawa ta yi tsakar gida tana ƙyalƙyala dariya, baki wangale, hannuwa biyu a ƙugu. Na leƙa, sai ga kan sabon ya ɓullo fari tas, daidai wurinsa.

Ni ma dariyar nake yi. Sai da Inna ta zuba mini ido na lura hannuna yana kan cinyata, ba kan bakina ba.