Bijimi Cikin Rigar Malam Haruna

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da sana'ar hannu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ta baje kolin Faskari, lokacin ina cibiyar mata ta Sheme. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku tarar da tsarin ba, bari in fara da shi.

Kowace cibiya tana da shugaba da malamai biyu ko uku, sai jami'a guda daga sakatariyar ƙaramar hukuma mai zagayowa duba mu. Mata kan shiga rukuni-rukuni su koyi ɗinki da saƙa, in sun kammala a yaye su. A shekarar, bayan an gama kaka, aka ce za a haɗa bikin yayewa da cibiyoyin Ƙanƙara da Sabuwa, kowacce ta kawo babban aiki guda na ratayawa a bango. Jami'armu Hajiya Bilki ta zo ta shaida mana da kanta, ta ce ta ji 'yan Ƙanƙara na saƙa shimfiɗar gado mai furanni, kada mu kuskura mu ba ta kunya.

Ni ce malamar ɗinki, nauyin ya faɗo kaina. Ba mu da sabon yadi, sai na ce kowacce ta tattaro ƙyallayen gida. Muka shimfiɗa tsohon zanin gado mai kauri, muka ce kasuwar Sheme za mu fitar a kansa. Rumfuna muka yi da siraran karare, babbar mota da kwali, tayoyinta maɓallan riga. Wata ta fasa sakaina ta yi ƙwaryar mai nono, wata ta liƙa ƙwayoyin dawa na gaske a bakin buhu, har kaji suka riƙa leƙo mana aji.

Dattijuwar ajin ita ce Inna Kulu. Da ƙyar mijinta Malam Haruna ya bar ta shiga, don ya ce mai jikoki ta ɗauki jaka ta tafi makaranta abin dariya ne. Shi kuwa mutum ne da ake jin maganarsa a unguwa. Da ya yarda, maƙwabta suka saki matansu, kuma mun san ranar da ya janye, rabin ajin ya tafi ke nan.

Inna Kulu ta zaɓi gefen da ake sayar da shanu, ta ce a gida za ta yi nata. Da ta kawo, muka warware, sai ga farin bijimi mai baƙaƙen kunnuwa, ya fi motar girma, kuma a haƙarƙarinsa ga aikin zare irin na gaban babbar riga, aska biyu tsaf. Aji ya kwashe da dariya. Na tambaye ta inda ta samo shadda haka.

"Ta gida ce, Malama. Ta daɗe cikin adaka, asu kaɗai ke morar ta."

Nan na gane rigar mijinta ta yanka. Na tambaya ko Malam ya sani, ta ce ai Malam ba ya zuwa taron mata. Na lallashe ta mu rufe aikin da wani ƙyalle, ta ƙi. Da Hajiya Bilki ta gani, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce a bar shi, Ƙanƙara dai ba su da san da ya shirya zuwa Idi. Abin da ta manta ta gaya mana shi ne ta aika wa masu unguwanni cewa mazajen ɗalibai su halarta.

Ranar biki da hantsi, muna tsaye kusa da aikinmu, sai ga Malam Haruna cikin dattawa. Ya wuce shimfiɗar Ƙanƙara, ya wuce jakunkunan Sabuwa, ya zo gabanmu ya tsaya cak. Inna Kulu ta ja mayafi ta koma bayana, alhali ta fi ni faɗi.

Ya tambaye ni wa ya yi wannan sa. Kafin in haɗa amsa ya ce ba sai na wahala ba, ya san rigar da ya sa ranar ɗaurin aurensa. Ya ɗan leƙa bayana.

"Uwar Sale, mi kika yi ma rigata?"

Ta ce da shi, murya ƙasa-ƙasa, "Rigar da cikinka ya daina shiga tun kafin a yaye Sale? Baƙin Kunne ta yi ma daidai."

Na zaci faɗa zai biyo baya. Sai mutumin ya sake duban bijimin. Daga baya na ji labari: Baƙin Kunne san huɗarsa ne, shi ya rene shi tun yana maraƙi, ɓarayi suka kore shi tare da shanun unguwa wata damina. Tun daga nan bai sake ambatonsa ba, kuma in ya shiga kasuwa ba ya bi ta wajen shanu. Ita kuwa kullum tana ganinsa da safe yana tsayawa wajen turken.

Ya miƙa yatsa ya shafa kunnen ƙyallen, ya daɗe a haka. Sannan ya gyara murya ya ce tozon ya yi ƙanƙanta, kuma ƙahon hagu ƙasa ya lanƙwasa, ba sama ba. Ta ce yadi ne ya ƙare mata, ta ji tsoron taɓa bayan rigar.

"To mi zan yi da bayan riga babu gaba? Ki ida yankawa."

Ƙanƙara suka zo na ɗaya, mu ko ambatonmu ba a yi ba, amma jama'a wajenmu suka taru. Sati na zagayowa Malam Haruna ya zo bisa keke da sauran rigar. Bai shiga aji ba, sai ya tsaya bakin taga yana ba da umarnin yadda za a karkata ƙaho, kamar shi ne jami'in. Inna Kulu ta ɗinka masa wani bijimin shi kaɗai, ya rataye a zaurensa. Mazan unguwar suka rabu biyu, wasu suka sayo kwaɗo suka kulle adakarsu, wasu suka aiko da tsofaffin rigunansu da kansu.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, matan da ke zuwa wajenmu ba hannu kaɗai suke kawowa ba. Kowacce da abin da ke cin ta a gida, wani lokacin ba ta da bakin faɗa sai da allura. In kun ga aikin ɗaliba ya fita daga tsarin da kuka koyar, kada ku yi saurin ɗaukar almakashi. Ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta wa take ɗinka wa.