Ranar Da Na Kare Cocin Da Ban Taɓa Shiga Ba

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Doha, ba na jin zan manta da ranar da na buɗe baki a bayan sitiyari na shiga kare wani coci da ko ƙofarsa ban taɓa gani ba. Ni fa Bakatsine ne, ɗan liman kuma, shi ya sa har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, iyali su yi ta kallona.

A lokacin ina tuƙa motar wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Aikina shi ne in ɗauki mai gyara da kayan aikinsa in kai shi gidan da aka kira, in jira ya gama, mu wuce na gaba. Wanda aka haɗa ni da shi wani mutumin Jos ne, Kirista, Injiniya muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Ɗaki ɗaya muke kwana a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh. Mutumin kirki ne na gaske, idan ya dafa gwatensa na mutanen Filato duk gidan sai an lashe kwano. Aibinsa ɗaya ne tak, zancen cocin da ya bari.

Cocin nan asalinsa daga Amurka yake, shi ne wanda samarinsa ke yawo bibbiyu da fararen riguna da nektayi. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, kai har shayi da kofi an hana su. A ciki aka haifi Injiniya, a ciki ya girma, har ya ba da shekara biyu na samartakarsa yana bi gida-gida yana wa'azi. Daga baya ya karanta wasu abubuwa na tarihin cocin da zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya fita, tun kafin in san shi da daɗewa. To amma wanda ya ji shi yana magana sai ya rantse jiya aka yi abin. Muna cikin gosulo ya hango wasu Indiyawa biyu ma'aikatan banki da fararen riguna, shi ke nan an taɓo shi, ba zai yi shiru ba sai mun isa can unguwar Al Gharrafa. Lokacin hutun rana ina neman inda zan ɗan miƙe baya, shi kuwa yana riƙe da waya yana sauraron waɗanda suka fita irinsa, yana gyaɗa kai yana tsaki.

Wata rana da abin ya ishe ni na ce, "Injiniya, ni fa ban taɓa ganin mutumin da ya saki mata amma kullum yana bin layinsu yana duba ko ta yi sabon lalle ba, sai kai. Ka fita, khalas, magana ta ƙare, ka huta mu ma mu huta."

Ya ce, "Malam, ba za ka gane ba."

Gaskiyarsa, ban gane ba. A ganina na lokacin, ko dai mutumin yana son komawa kunya ta hana shi, ko kuma dai rigima ce a jininsa.

Ana nan sai ga labari wai yayansa zai yi tafiyar aiki, jirginsu zai yada zango a Doha tun safe har yamma, kuma yana so su gaisa. Wannan yayan shi ya riƙe Injiniya bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi a makaranta, kuma babba ne a cocin. Tun da Injiniya ya fita, tsakaninsu bai wuce "ina kwana, ina gajiya" a waya ba. A nan ne ya gaya mini abin da ke cin ransa. Ashe a gida an yanke hukunci cewa giya da yawon banza ne suka fitar da shi, kuma mahaifiyarsu tsohuwa ta yarda da hakan, har azumi take yi don Allah ya raba ɗanta da kwalba. Na dubi mutumin nan na ji tausayi da dariya sun haɗe mini. Wannan fa shi ne wanda idan na yi hon a shagon shayin madarar da ake kira karak aka kawo mana, sai ya ce a ba shi ruwan mangwaro, domin har yau bakinsa bai iya karɓar shayi ba.

Sai ya ce shi fa wannan karon sai ya kayar da Yaya da hujja, kuma yana buƙatar wanda zai yi atisaye da shi. Ya ce, "Malam, kai za ka zama Yaya."

Na ce, "Ni? Ka rasa wanda za ka mayar fasto sai ɗan liman?"

Ya ce ai wasa ne, kuma zai riƙa yi mini girki. Maganar girkin nan ce ta karya ni, ba zan ɓoye ba. Na amince bisa sharaɗin kafin mu fara zan yi kalmar shahada, idan mun gama in sake yi, don kada a samu matsala.

Haka muka mayar da motar kamfani fagen muhawara. Ya koya mini amsoshin da ya san Yaya zai bayar, har da yadda yake sassauta murya ya ɗaga hannu ɗaya. Shi ya jefo hujja, ni kuma in ce, "Ƙanena, abin da maƙiya suka rubuta kawai ka karanta." Ya sake jefowa, in ce, "Shugabanni mutane ne, suna kuskure, amma saƙon ba ya kuskure." Idan ya matsa mini lamba sai in kawo babbar, "Ka durƙusa ka yi addu'a da zuciya ɗaya, za ka samu amsa." Da farko haddar kawai nake maimaitawa, amma ɗan da ya tashi yana jin muhawarar malamai a zaure ai ba a barinsa a baya. Kafin a jima na fara ƙara gishirina. Akwai ranar da na ƙure shi har ya fusata da gaske, ya sauka daga mota a ƙofar gidan wani Balarabe yana huci, ya manta da akwatin kayan aikinsa. Da ya dawo ɗauka ya ce, "Wallahi ka fi shi iya ba da haushi." Na ce na gode.

Ranar da za a yi ta, manaja ya ba mu aron motar. Injiniya ya yi aski, ya sa riga mai ruwan ƙasa, wai don kada a ce ya sa fara. Ni kuwa duk a zatona wani ƙaton mutum zan gani mai muryar tsawa. Sai ga wani ɗan dattijo gajere da tabarau, yana jan ƙaramar jaka, yana murmushi kamar malamin firamare. Suka rungumi juna sama-sama. Yaya ya miƙa masa leda ya ce acca ce da kilishi, in ji Mama. Suka shiga baya, na tayar da mota.

Mun bar filin jirgi, mun shiga unguwar Al Thumama, babu abin da ake yi sai zancen damina a Jos da tsadar dankali. Yaya ya yaba tituna, ya yaba filin ƙwallo, ya tambaye ni iyali. Injiniya kuwa, jarumin da ya hana ni barcin rana, ya yi tsit yana gumi alhali sanyin motar har haƙori yake kaɗawa. Ina kallonsa ta madubi ina yi masa tari, yana kawar da kai. Haushi ya kama ni, na ce a raina duk wahalar da na sha ashe a banza za ta tafi.

Sai da danja ta tsayar da mu sannan ya yi ta maza. Ya gyara zama ya saki hujjarsa ta farko, bai bar ko kalma ɗaya ba. Yaya ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga. Shirun ya yi tsawo, ya ƙara tsawo. Ni kuma kunnena ya saba, duk lokacin da aka kai ƙarshen wannan jimlar to layina ne. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba, sai dai na ji bakina yana cewa cikin sanyin murya, "Ƙanena, abin da maƙiya suka rubuta kawai ka karanta."

Shi ma Injiniya sabo ya ja shi. Ya juyo kaina ya daka tsawa, "Na sha gaya maka wannan ba amsa ba ce! A littattafanku na gani!"

Na ce, "Shugabanni mutane ne, suna kuskure, amma saƙon ba ya kuskure."

Sai da na kai ga "ka durƙusa ka yi addu'a" sannan hankalina ya dawo jikina. Na dubi madubi na ga dattijo ya saki baki, tabarau a hannu, yana kallon hular da ke kaina da carbin da ke rataye a madubi. Ya ce, "Bawan Allah, a wane reshen cocinmu aka yi maka baftisma?"

Na ce, "Astagfirullah! Yallaɓai, ni ɗan liman ne, aron baki kawai aka yi."

Danja ta ba da hannu ban sani ba, na baya suna ta hon, wani Balarabe ya leƙo yana "Yalla! Yalla!", wai in wuce. Yaya kuwa dariya yake har da buga kujera, yana cewa ko shi ba zai jera su haka ba. Injiniya ya rufe fuska da ledar acca. Dole na gangara gefen wani ƙaramin masallaci na tsaya, don ni ma hawaye sun hana ni ganin titi. Na kwashe labarin atisayenmu kaf na gaya masa, har da ladan gwate.

A hankali dariyar ta lafa. Dattijon ya mayar da tabaransa ya dubi ƙanensa ya ce, "Wato duk maganar da ya kamata ka yi da ni, da direba kake yin ta?"

Injiniya ya ce, "Shi ya yarda ya saurare ni, Yaya, ko da da wasa ne."

Maganar ta daki dattijon, na ga alama a fuskarsa. Ya ce, "To ga ni. Me ya fitar da kai?"

Duk hujjojin da muka yi ta wasawa, ko ɗaya ba ta fito ba. Sai hawaye suka zubo wa Injiniya. Da ƙyar ya ce, "Ka san tun da na fita babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar? Ku duka kun riga kun ba kanku amsa. Ba daɗi na je nema ba, Yaya. Na fi kowa son abin ya zama gaskiya. Akwai mutanen da ni na ƙwanƙwasa musu ƙofa na shigar da su, har yau suna kirana suna godiya, in rasa abin da zan ce musu. Ranar ɗaurin auren 'yarka, wadda na goya a bayana, a waje na tsaya da masu ɗaukar hoto, don ba a barin wanda ya fita ya shiga. Sannan a ce in manta? Ta ina zan fara, alhali duk wanda nake ƙauna yana ciki?"

Da na ji haka na san wurin ya fi ƙarfina. Na zare makulli na ce lokacin azahar ya yi. Ban taɓa jan alwala da nafila irin na ranar ba, har ladan ya fara kallona.

Da na dawo na tarar idanunsu sun yi ja, sun buɗe kilishin Mama suna ci. Yaya ya ce, "Malam, zo ka zama shaida." Ya kira tsohuwa ta bidiyo, ya ce, "Mama, ga ɗanki. Ban yarda da hanyar da ya ɗauka ba, shi ma ya sani. Amma maganar giyar nan ba gaskiya ba ce. Ni na fara faɗinta ba tare da na tambaye shi ba, ni kuma nake janye ta." Tsohuwa ta kawo fuska dab da waya ta daɗe tana kallon Injiniya. Can ta ce, "To ni duk azumin nan na wa nake yi?" Ta share ido da bakin zane ta ƙara da cewa, "Ka rame. Gobe ka kira ni da kanka, ba sai an haɗa mu ba." Ƙaton mutum mai ɗaukar injin na'urar sanyaya ɗaki a kafaɗa ya ce "To, Mama" da wata 'yar murya kamar ta ɗan yaye.

Yaya bai bar cocinsa ba, Injiniya bai koma ba, kuma ba zan ce zancen ya mutu gaba ɗaya ba, yakan ɗan taɓa shi jefi-jefi. Amma zafin nan ya tafi, har na samu barcin ranata. Abin da na koya shi ne, idan ka ga mutum ya bar wuri amma bakinsa ya ƙi barin wurin, kada ka yi saurin cewa rigima ce ko kewa. Sau da yawa nasa ne suke ciki, sun yanke masa hukunci ba su ji ta bakinsa ba, shi kuma yana ta ɗaga murya ko za ta kai gare su. Tun daga ranar, kafin in ce wa kowa "ka manta kawai", sai na fara zama na tambaye shi me ya faru, in kuma rufe bakina har ya gama.