Maganin Waken Makau

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a Bukkuyum ya san Makau. Shekara talatin ya yi yana daka 'ya'yan dogonyaro, yana ƙulla garin a leda, ranar kasuwa ya baza a kan tabarma. Cokali uku a buhu, ƙwaro ba ya kusantar wake har shuka ta zagayo. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shago. Sunansa ne jarinsa.

Aikin kuwa da ƙa'ida. Ba ya tsinka daga bishiya, sai waɗanda jemagu suka tsotse suka yar yake tsinta da safe, don jemage ba ya taɓa ɗanye. Shanya kuma a inuwar zaure, rana ba ta gani.

"Mijina baran jemagu na," in ji matarsa Atine. "Su ci, shi kwashe."

Ana nan sai ga Dakta Rufaida, mai bincike daga wata jami'a. Ta zauna a tabarmarsa, ta rubuta duk abin da ya faɗa, ta tafi da ƙulli goma. Bayan shekara biyu ta dawo baki har kunne: gwaji ya yi kyau. Tare da ita akwai mutanen wani kamfani da za su kafa injin niƙa a Gummi. Sunan Makau suke so, da hotonsa a jikin leda.

Makau ya amince, ya kuma ji daɗi, ba a ɓoyewa. Sai manajan kamfanin ya ce tirela guda ta garin suke bukata duk wata.

"Alhaji, jemagu hwa ba su san tirela ba."

Manaja ya yi dariya. "Baba, ka huta. Yanzu aikin inji ne."

Batun inuwa da nuna yana cikin rahoton Dakta, shafi na arba'in. Ba wanda ya karanta har can. Aka sa mutane suna kaɗe bishiyoyi da gora, ɗanye da nunanne a haɗe, ana shanyawa a gefen kwalta rana tana ƙone ƙarfinsa. Leda mai sheƙi ta cika Anka da Gummi, Makau yana murmushi a jikinta.

Wata uku da girbi, Badaru, wani manomi daga Zugu, ya ɗauro buhu a babur har tsakiyar kasuwa, ya zazzage shi a gaban tabarmar Makau. Wake duk huji, ƙwari na ta gudu.

"Ina waiwayen 'yan bindiga na girbe wanga wake," in ji Badaru. Ya ɗaga ledar. "Hoton wa na?"

"Ba ni na daka ba, ɗana."

"Hoton wa na, Baba?"

"Nawa na."

"To."

Kamfanin ya sake suna, yanzu masara yake niƙawa. Dakta ta bugo waya ta ba da haƙuri. An tura ta wani binciken.

Makau bai daina bin gindin bishiya ba. Sai dai kasuwar Gummi yake ci yanzu, ya sauko da rawani har gira. Ran nan wata mata ta ɗauki ƙulli ta shinshina.

"Ba dai irin na Makau ba ne?"

Ya daɗe yana duban garin da ya daka da hannunsa.

"A'a, Hajiya. Na wani tsoho na, can wajen Anka."

Ta sayi uku.