Rigar Sanyin Kawu

Shekarar da sanyi ya ƙi zuwa, duk Ƙofar Mazugal babu wanda ya kai kawuna jin haushi. Ɗansa ne ya aiko masa da jibgegiyar rigar sanyi daga Turai, mai gashi a wuya, ya adana ta wata takwas cur don ya burge 'yan majalisarsu.

Sai rediyo ta ce bana babu sanyin kirki, sai hazo mai laima da ɗan yayyafi da safe. Kawu ya ja tsaki, ya ce yaushe ma aka haifi yaran rediyon nan?

Haka ya zumbula rigar ya fito, ya hakimce a tsakiyar masu 'yar shara. Kowa ya zo sai ya tare shi da, "Malam, ya sanyi?" Su kuma don kara su amsa, "Lokacinsa ne, Alhaji," suna fifita.

Da na ga gumi na ɗiga daga gemunsa, na ce, "Kawu, a kawo mafici?"

Ya harare ni. "Yayyafi ne, mara kunya!"

Alhali a ƙarƙashin rumfar kwano muke zaune.